Tarihin Jerin Amintattu a Saƙon Imel

Jerin amintattu shi ne adireshin mutane ko kamfanonin da ake umartar matatar imel ta bar saƙonninsu su wuce ba tare da tsaiko ba. Yaƙi da tarkacen saƙonni ne ya haife shi. Tun a watan Mayun 1978 Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika talla ga kimanin mutum 400 a hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka ba da izininsu ba, amma abin bai zama annoba ba sai tsakiyar shekarun 1990, da intanet ta shiga gidaje.

Maganin da aka fara gwadawa shi ne toshewa. A 1997 Paul Vixie ya fito da RBL, jerin kwamfutocin da aka kama suna watsa tarkace, sannan Steve Linford ya kafa Spamhaus a 1998. Sai dai toshewa kan yi kuɗin goro: kwamfuta ɗaya ta yi laifi, a hukunta duk masu aikawa ta hanyarta. 'Yan Najeriya masu harkar halal sun ɗanɗana wannan, domin wasiƙun damfara na 419 sun sa wasu masu kula da imel a ƙasashen waje sun rufe wa adireshin ƙasar ƙofa baki ɗaya. Tarkace ɗaya ya kutso, sharewa kawai za a yi. Amma takardar ciniki ko ta ɗaukar aiki ta ɓace, asara ce da mai ita ba zai ma san ya yi ba.

Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fitar a 2001, ta nuna yadda ake gyara hakan. Tana ba kowane saƙo maki gwargwadon alamun zargi, wanda ya kai 5 a ware shi. Wanda ke cikin jerin amintattu kuwa ana rage masa 100 tun daga farko, don haka da wuya ya faɗa tarko.

Daga nan kuɗi ya shigo. A 2002 kamfanin IronPort ya ɓullo da Bonded Sender: mai aikawa ya ajiye jingina, idan ƙorafi ya yi yawa a zaftare. Daga baya AOL da Yahoo suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Goodmail, inda kamfani zai biya kuɗi kan kowane saƙo don ya isa kai tsaye. Ƙungiyoyi irin su EFF da MoveOn suka ce wannan haraji ne da zai danne marasa ƙarfi, kuma suna da gaskiya. Goodmail ya rufe a 2011.

Babban raunin jerin ya fi batun kuɗi tsufa. Ƙa'idar aika imel ta SMTP ta 1982 ba ta tantance mai aikawa, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama. Ɗan damfara ya ari adireshin banki, matata ta buɗe masa kamar mai gadin da ke duba riga ba fuska ba. Shi ya sa aka fito da SPF a 2006 don bayyana kwamfutocin da ke da izinin aikawa da sunan kamfani, DKIM a 2007 don sa hannun da ba a iya kwaikwayo, da DMARC a 2012 don faɗin abin da za a yi wa saƙon da ya kasa cika su. Daga Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta ukun nan ga duk mai aika saƙo sama da 5,000 a rana, tare da sharaɗin kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari.