Sarkin Ƙwallo a Cikin Akwati: Tarihin Wasan Pele na Kamfanin Atari

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya ga samari a yau sun yi cincirindo a gaban talabijin suna buga ƙwallon ƙafa da yatsunsu, ga 'yan wasa a kan allo da fuskokinsu da lambobin rigunansu kamar a kira su su amsa, zai iya ɗauka cewa haka abin ya faro. Alhali kuwa da rarrafe yaro kan tashi. A wannan maƙala za mu koma shekarar 1980, mu dubi wani ɗan ƙaramin wasa da kamfanin Atari na Amurka ya fitar, wanda aka fara kira Championship Soccer, daga baya aka raɗa masa sunan Pele. Manufarmu ita ce mu ga yadda babban suna ya haɗu da ƙaramar na'ura, da kuma abin da ya wanzu bayan kasuwar da ta haɗa su ta watse.

Uban Gida Ɗaya, Jari Biyu

A farkon shekarun 1970 ƙwallon ƙafa baƙo ne a Amurka, domin mutanen ƙasar sun fi karkata ga nasu wasannin. Daga cikin waɗanda suka ƙudurta sauya wannan hali akwai Steve Ross, shugaban kamfanin Warner Communications mai harkar finafinai da waƙoƙi, wanda kuma shi ne uban gidan ƙungiyar Cosmos ta birnin New York. A 1975 ƙungiyar ta shawo kan Pele na Barazil, mutumin da ya ci kofin duniya sau uku, wato a 1958 da 1962 da 1970, ya zo ya taka mata leda. Zuwansa ya buɗe wa wasu gwanaye hanya, irin su Franz Beckenbauer na Jamus da Carlos Alberto na Barazil. A 1977 Cosmos ta lashe gasar Arewacin Amurka ta NASL, har akwai wasan da sama da mutum dubu 77 suka kalla a filin Giants. Ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara Pele ya yi wasan bankwana tsakanin Cosmos da tsohuwar ƙungiyarsa Santos, inda ya buga wa kowacce rabin lokaci.

Ana cikin haka, a 1976, Warner ya sayi Atari a kan kimanin dala miliyan 28. Nolan Bushnell da Ted Dabney ne suka kafa wannan kamfani a 1972, ya kuma yi suna da wasan Pong. Da kuɗin Warner aka kammala wata na'ura ta gida da ake jonawa da talabijin, ta fito kasuwa a 1977 da sunan VCS, wadda daga baya aka fi sani da Atari 2600. Ke nan sarkin ƙwallo da na'urar wasa sun taru a inuwar uban gida ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne da hanyoyinsu suka haɗu.

Ƙarfin Na'urar

Kafin mu yanke wa wasan hukunci, ya kyautu mu san abin da mai tsara shi, Steve Wright, yake da shi a hannu. Ma'ajiyar da na'urar take riƙe lissafinta na wucin gadi ba ta wuce bayit 128 ba, wato gurbin haruffa 128, waɗanda ba su isa cika layi uku na wannan shafi ba. A nan ne za a adana yawan ƙwallayen da aka ci, da sauran lokaci, da inda kowane ɗan wasa yake. Kaset ɗin da ake sokawa a na'urar kuwa, a wancan zamani yawanci bai wuce kilobayit biyu zuwa huɗu ba.

Babbar matsalar ita ce na'urar ba ta da wurin ajiye cikakken hoto. Talabijin na lokacin layi-layi yake zana hoto daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya a tsarin Amurka, saboda haka dole mai tsara wasa ya riƙa faɗa wa na'urar abin da za ta zana a kowane layi kafin hasken ya iso wurin. Bugu da ƙari, abubuwa biyar kacal masu motsi aka tanada: 'yan wasa biyu, da harsasai biyu, da ƙwallo ɗaya. To, ta yaya za a fitar da ƙungiyoyi biyu daga 'yan wasa biyu? Dabarar ita ce a maimaita siffar ɗan wasa ɗaya a gefensa, ko kuma a sake amfani da ita a wani layi na ƙasa, har ido ya ga kamar mutane ne daban-daban.

Yadda Wasan Yake

Wannan ƙunci shi ya haifar da siffar wasan. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa uku da mai tsaron gida. Su ukun nan a jere suke kamar duwatsun murhu, ɗaya a gaba, biyu a baya, kuma tare suke tafiya duk inda aka karkata sandar sarrafawa, ba mai rabuwa da 'yan'uwansa. Daga sama ake hangen filin, kamar yadda shaho ke hangen ƙasa, 'yan wasan kuma ba fuska ba ƙafa, sai dai launi ya bambanta su. Tun da filin ya fi allon talabijin tsawo, sai aka sa shi yana zamewa sama da ƙasa yana bin ƙwallo, wanda sabon abu ne a na'urar a wancan lokaci. Maɓalli ɗaya ne a jikin sandar, da shi ake buga ƙwallo. Idan ta shiga raga, sai allo ya cika da tartsatsin wuta na murna. An kuma tanadi salon wasa har 54, waɗanda suka bambanta ta fuskar sauri da faɗin raga, wasu na mutum biyu, wasu na mutum ɗaya da na'ura.

A 1981 aka sauya wa wasan suna zuwa Pelé's Soccer, aka sa hoton gwanin a jikin kwali. Wannan na daga cikin karo na farko da aka sayar da wasan bidiyo da sunan shahararren ɗan wasa. Akwai dalilin kasuwa a ciki, domin kamfanin Mattel ya riga ya fito da tasa na'urar, Intellivision, mai wasan ƙwallo da ke ɗauke da tambarin NASL, wanda 'yan wasansa suke da siffar mutane, kuma tallace-tallacensa sun riƙa yi wa wasannin Atari gori. Atari ba shi da ƙarfin hoto irin na abokin hamayyarsa, sai ya jingina da suna. Yaron da ya buɗe kwalin ba zai iske Pele a ciki ba, sai 'yan dunƙule masu launi. Zuciyarsa ce take cike giɓin, ta sa wa na gaban riga mai lamba 10.

Watsewar Kasuwa

Daɗin bai daɗe ba. A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta durƙushe saboda yawan na'urori da kaset marasa inganci. Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500 a wannan shekara, har aka binne tarin kaset da ba su sayu ba a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico. A 1984 Warner ya sayar da sashen kayan gida na Atari ga Jack Tramiel. Asarar ta shafi ƙwallo ma, domin kamfanin ya janye hannunsa daga Cosmos, gasar NASL ta yi kakarta ta ƙarshe a 1984, ita kuma Cosmos ta rushe a 1985. Jari biyun da suka tashi tare, tare suka faɗi.

Kammalawa

Duk da haka, irin da aka shuka bai mutu ba. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da nasa wasan ƙwallo a 1985, Electronic Arts ya fito da FIFA International Soccer a 1993, Konami kuma ya biyo da International Superstar Soccer a 1994, shekarar da Amurka ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya, wadda Nijeriya ta halarta a karo na farko. Sa hoton gwani a kwali, da filin da ke bin ƙwallo, da murnar cin ƙwallo a kan allo, duk sun zama al'ada a waɗannan wasanni.

Pele ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2022, kuma a jerin abubuwan da ake tunawa da shi, wannan kaset yana can ƙasa. Amma a gare mu ɗalibai, musamman masu kukan rashin kayan aiki, akwai abin lura a cikinsa. Mutum ɗaya ya zauna da gurbin haruffa 128, ya fitar da fili da raga da ƙungiyoyi biyu, har yara suka yi ta ihu a ɗakunan iyayensu. Da ya tsaya jiran na'urar da ta fi wannan, da tarihin da muka kawo bai ambaci sunansa ba.