Ɗakin bene mai kujera hamsin: tarihin ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na Landan

Duk wanda ya ji ana zancen wasan kwaikwayo a Landan, abin da ke zo masa a rai shi ne manyan gidajen wasa na unguwar West End, masu kujera dubu ko fiye, da tikiti mai tsada. Amma da yawa daga cikin marubutan da ake ji da su a can sun fara ne a wani ɗan ɗaki na bene ko na bayan gidan giya, inda mutum hamsin ko sittin ke zama gwiwa da gwiwa, ɗan wasa yana magana kusa da kai har kana jin numfashinsa. Na ga ya dace in kawo wa malamai da iyaye tarihin waɗannan ɗakuna, domin tambayar da suka amsa ta shafe mu: ina yaro mai baiwar rubutu zai gwada aikinsa na farko, tun kafin kowa ya san sunansa?

Dangantakar wasa da masauki tsohuwa ce a Ingila. A ƙarni na 16, ƴan wasa kan kafa dandamali a farfajiyar gidajen da matafiya ke sauka da dawakinsu su ci su sha, kamar zangon fatake. A cikin birnin Landan akwai irin su Bell da Bull da Cross Keys da Bel Savage. Hukumar birni ba ta son abin: tana cewa taron yana yaɗa annoba, yana kuma janye yara masu koyon sana'a daga wurin aikinsu. Shi ya sa a 1576 James Burbage ya gina gidan wasansa a Shoreditch, a wajen iyakar birni, inda hannun hukumar bai kai ba. Kafin ƙarnin ya ƙare an hana wasa a masaukan cikin birni. A 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa baki ɗaya, ba a sake buɗe su ba sai 1660, da sarauta ta dawo, shi ma sabon sarki ƙungiyoyi biyu kawai ya ba izini.

Babban takunkumin ya zo a 1737. Firaminista Robert Walpole ya gaji da yadda marubuta irin su Henry Fielding ke yi masa ba'a a dandali, sai ya sa aka yi doka: duk sabon wasa sai an kai shi ga wani babban jami'in fadar sarki, mai muƙamin Lord Chamberlain, ya karanta ya amince kafin a nuna. Fielding ya bar rubutun wasa ya koma ga rubutun labarai. An sabunta dokar a 1843, ta kuma ci gaba da aiki har shekara 231 daga kafa ta. A duk tsawon wannan lokaci, ofishi guda na iya soke kalma, ko fitowa guda, ko wasan gaba ɗaya, ba tare da ya je kotu ba.

Masu wasa sun sami wata kafa. Idan aka ce gidan wasa ƙungiya ce ta mambobi, ba na jama'a duka ba, hukuma kan kau da kai. Haka gidan Royal Court ya yi a 1965 da wasan Edward Bond mai suna Saved, wanda aka hana wa izini. Wannan karon an kai su kotu, aka same su da laifi a 1966. Hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya tura majalisa ta soke tace wasanni a watan Satumba na 1968. Daga ranar, marubuci na iya gama wasansa yau, a fara gwaji gobe, ba tare da jiran sa hannun kowa ba.

Ɗaya tushen ya fito daga Edinbara, a Sikotilan. A 1947 aka shirya babban bikin fasaha na ƙasa da ƙasa a can, aka gayyaci manyan ƙungiyoyi. Wasu ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka zo da kansu, suka nemi ƙananan wurare suka yi wasanninsu a gefen bikin. Shekara guda bayan haka wani ɗan jarida, Robert Kemp, ya siffanta su da kalmar Ingilishi mai ma'anar geza, wato bakin zane. Sunan ya bi su. A yau wannan biki na ƴan geza ya fi wanda aka gayyato mutane dominsa girma nesa ba kusa ba.

Da ƴancin rubutu ya samu, saura wuri. A 1970 wani Ba'amurke mai suna Dan Crawford ya karɓi gidan giyar King's Head a unguwar Islington, ya mai da ɗakin baya, wanda a da ake dambe a ciki, gidan wasa. Ana kiransa na farko irinsa a Landan tun zamanin Shakespeare. Wasu suka bi sahu. A ƙarshen 1971 Sam Walters ya buɗe Orange Tree a benen wani gidan giya a Richmond, yana nuna wasa da rana tsaka, lokacin hutun ma'aikata. Bush ya zo a 1972, Gate da Old Red Lion a 1979, Finborough mai kujera 50 a 1980.

Me ya sa gidan giya? Lissafi ne. Tsofaffin gidajen giya na Landan suna da babban ɗaki a sama ko a baya, wanda aka gina domin taron ƙungiyoyi da walima, kuma yawancin darare a kulle yake. Akwai wuta, akwai makewayi, yana bakin titi. Mai gida ya ba da shi haya da araha, tunda ƴan kallo za su tsaya a ƙasa su sayi abinci da abin sha. Babban gidan wasa kuwa dole ya cika kujera dubu kowane dare har watanni kafin ya mai da kuɗinsa, don haka ba ya karɓar wasan wanda ba a sani ba. A ɗakin kujera hamsin, idan wasa ya faɗi, hasarar kaɗan ce, bayan mako uku ko huɗu a kawo wani. A ganina wannan ne ginshiƙin tarihin duka: an sami wurin da faɗuwa ba ta kashe mai ita, sai mutane suka yi ƙarfin halin gwadawa.

Abin da ya fito daga ɗakunan ya isa shaida. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Cekoslobakiya ta hana nuna wasannin Václav Havel, Orange Tree ne ke nuna su da Ingilishi. A 1989 marubucin ya zama shugaban ƙasarsa. Gate ya ƙware a wasannin da aka fassara daga wasu harsuna, kuma Stephen Daldry ya shugabance shi a farkon shekarun 1990 kafin ya shahara a fim. James Graham ya fara a Finborough yana saurayi, daga baya aka nuna wasansa kan majalisar dokoki a Gidan Wasa na Ƙasa a 2012. Wanda ya fi burge ni shi ne na Katori Hall, baƙar fata ƴar Memphis ta Amurka. Ta rubuta The Mountaintop kan daren ƙarshe na Martin Luther King a ɗakin otel, mutum biyu kawai ke wasan. An fara nuna shi a 2009 a Theatre503, ɗaki mai kujera sittin da ƴan kai a benen gidan giyar Latchmere. A 2010 ya ci kyautar Olivier ta sabon wasa mafi kyau, a 2011 aka kai shi Broadway, Samuel L. Jackson ya fito a matsayin King.

Sai dai araharsa wani ke biya. A irin waɗannan ɗakuna sau da yawa ƴan wasa ba su da albashi, sai rabon riba, ribar kuwa ba ta cika samuwa ba. Ɗan mai hali na iya yin wata biyu yana aiki kyauta a birni mai tsadar haya kamar Landan; ɗan talaka ba ya iyawa. Ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa, Equity, ta daɗe tana fafutukar a biya su. Ga kuma matattakala mai tsayi da naƙasasshe ba ya iya hawa, ga mai gida da ke iya sayar da gininsa ko yaushe. Waɗanda suka yi ƙarfi sun tashi. Orange Tree ya koma wata tsohuwar makaranta a 1991, Bush ya koma tsohon ɗakin karatu a 2011, King's Head kuma ya bar ɗakinsa a 2023 bayan shekara 53, ya koma sabon gini a kusa.

Na san mai karatu zai ce: mu da gidan giya ina dalili? Gaskiya ne, kuma ba wanda zai kai ɗansa can. Amma giyar ba ta rubuta wasa ko ɗaya ba. Abin da ya yi aikin ɗaki ne da ba a amfani da shi da dare, aka buɗe shi ga wanda ba shi da suna. A lura da inda biyu daga cikinsu suka ƙare: makaranta da ɗakin karatu. Mu da muka tashi da wasannin Yazi Dogo a rediyo da talabijin, da gasar samariya, mun san wasan Hausa yana da kasuwa a ƙasar nan. Abin da nake gani ya yi ƙaranci shi ne wurin gwaji na kullum. A yawancin makarantunmu wasa sau ɗaya ake yi a shekara, ranar bikin rufe lakwal, kuma malami ne ke tsara shi, yara su hardace.

Kowace makaranta a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa tana da aji da ke kulle bayan an tashi, kowane babban gari yana da gidan matasa. Idan direkta ya ba da aji guda sau ɗaya a wata, aka jera bencina, aka ce wasan da za a nuna sai wanda ɗalibi ya rubuta da hannunsa, iyaye suka zo da dala ashirin ta shiga, to an sami abin da Crawford ya samu a 1970. Da yawa daga wasannin ba za su yi daɗi ba, haka ma aka yi a Landan. Aikin malami a nan shi ne ya bar yaron ya ji inda ƴan kallo suka yi dariya da inda suka fara hira a tsakaninsu, ya koma ya gyara, a wata mai zuwa ya dawo da wani.