Maharbi ko Komai-da-ruwanka: Wa NBA Ta Fi Daraja?

1/ Zare 🧵

Gardama ce da ta haura shekara 40 a ƙwallon kwando na Amurka. Kuɗinka na ɗan wasa ɗaya ne kacal. Za ka ɗauki maharbi, wanda jifan maki uku kaɗai ya iya, ko dogon ɗan gaba komai-da-ruwanka, mai tsaro, mai raba ƙwallo, mai ci? Ku biyo ni a hankali.

2/ NBA ta shigo da layin maki uku a kakar 1979-80, ta aro shi daga gasar ABA. Chris Ford na Boston Celtics ne ya fara ci daga bayan layin, ranar 12 ga Oktoba 1979, daren da Larry Bird ya buga wasansa na farko. Masu horarwa sun ɗauki abin wasan yara. A kakar nan, abin da ƙungiya ke gwadawa a wasa guda bai kai jifa 3 ba. Yau ya haura 35.

3/ Alhali lissafin ɗan firamare ma zai yi shi. Mai jifa daga nesa ya jefa 10, huɗu suka shiga, maki 12 kenan. Mai jifan maki biyu sai ya saka shida cikin 10 kafin ya kamo shi. Amma sai da aka kwashe wajen shekara 30 kafin manya su yarda da wannan lissafi. Taurin kai ba a gida kaɗai yake ba 😂

4/ A zamanin Jordan, maharbi ɗan rakiya ne. Ya tsaya can gefe, in an yi wa oga taron dangi a miƙo masa. Wasa na shida na ƙarshen gasar 1993, John Paxson ya jefa maki uku saura daƙiƙa 3.9, Chicago Bulls ta doke Phoenix 99-98. A 1997 kuma Steve Kerr ne ya karɓa daga hannun Jordan ya kashe Utah Jazz.

5/ To amma ku sake kallon bidiyon nan biyu. A 1993, Scottie Pippen ne ya kutsa ciki ya tarwatsa tsaron Phoenix, ya ba Horace Grant, shi kuma ya miƙa wa Paxson da ke tsaye ba kowa a kansa. A 1997, bayan jifan Kerr, Utah na da sauran dama. Wa ya yi tsalle ya tare ƙwallon da suka jefo daga gefe? Pippen dai.

Hoton Kerr da Paxson ne ke yawo har yau. Aikin Pippen sai mai lura.

6/ Pippen fa shi ne asalin samfurin komai-da-ruwanka. Shi aka ɗora wa Magic Johnson a wasa na biyu na ƙarshen gasar 1991. A kakar 1994-95 shi ya fi kowa a Bulls maki, kama ƙwallon da ta dawo daga kwando, ba da ƙwallon da aka ci, ƙwace, da toshe jifa. Duka biyar. Albashinsa kuwa? Dala miliyan 18 a shekara bakwai. Arha kamar an tsinta.

7/ Dokoki ne suka juya akalar wasan. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wato ba dole kowa ya manne wa mutum ɗaya ba. A 2004 aka tsananta hana dafa mai ƙwallo da hannu. Tunda masu tsaro na iya cunkushewa a gindin kwando, sai ya zama kana buƙatar wanda zai janye su waje. Nan farashin maharbi ya fara tashi.

8/ Kyle Korver misali ne. Na 51 aka zaɓe shi a 2003, Nets ta sayar da shi ga Philadelphia a kan kuɗi kaɗan, har labari ya shahara cewa da wani ɓangaren kuɗin aka sayi injin fotokofi. Wannan bawan Allah a 2009-10 ya ci kashi 53.6 cikin 100 na jifansa na maki uku. Ko bai taɓa ƙwallo ba, gudunsa kaɗai na jan mutum biyu, fili ya buɗe wa saura.

9/ Sai Ray Allen, 2013. Miami na gab da rasa kofi a hannun San Antonio, ma'aikata har sun fara kewaye filin da igiya don bikin Spurs. Chris Bosh ya cafko ƙwallo, Allen ya ja da baya zuwa kusurwa, saura daƙiƙa 5.2, ta shige. Masu cewa maharbi ba komai ba ne, wannan jifan ya ishe su amsa.

10/ Ga inda labarin ya yi daɗi. Steve Kerr, mai kashi 45.4 a tsawon rayuwarsa ta wasa, mafi girma a tarihin NBA, ya zama kocin Golden State a 2014. A ƙarshen gasar 2015 Cleveland na gaba 2-1. Me tsohon maharbin ya yi? Ya ajiye dogonsa Andrew Bogut, ya mayar da Draymond Green tsakiya, ya fara da Andre Iguodala don ya sha gaban LeBron. Suka ci uku a jere. Iguodala ya zama gwarzon wasannin ƙarshe, alhali Curry na cikin filin.

(Kar wani ya ce min Curry ai maharbi ne. Curry duniya ce ta daban, shi ke tuƙa ƙungiya, ba jiran a miƙo masa yake ba.)

11/ Dalilin yana nan: a wasannin fidda gwani, ƙungiya ɗaya za ka yi ta karawa da ita har sau bakwai. Suna da lokacin nazarinka. In maharbinka bai iya tsaro ba, za su yi ta kafa shinge har sai shi ya faɗo gaban tauraronsu, su yi ta cin sa kamar tuwo. Ya ba ka maki 9, an ci 14 ta kansa. Ina ribar?

12/ Ƙungiyoyi sun sayi wannan darasi da tsada. Washington ta ba Davis Bertans miliyan 80 a 2020. Miami ta ba Duncan Robinson miliyan 90 a 2021, amma da wasannin fidda gwani na 2022 suka yi zafi, benci ya fi zama. Houston kuma, da ta jingina komai a kan layin, ta zubar da jifa 27 a jere a wasa na bakwai da Golden State a 2018.

13/ Ɗaya ɓangaren ma ba a kyale shi ba fa. A 2015 Kerr ya sa Bogut ya “tsare” Tony Allen na Memphis, wato ya bar shi can waje ya yi ta jifa in ya iya. Gwanin tsaro ne na gaske, amma hannun babu. Memphis ta koma kamar mutum huɗu ke kai hari, ba ta sake cin wasa ba a karawar.

14/ A ganina komai-da-ruwanka ya yi nasara, amma sai da ya sace sana'ar maharbi tukuna. Boston ta 2024 ta ɗau kofi da Tatum da Jaylen Brown, kowa a biyar ɗin farko yana jifa, yana tsaro. Giannis, ɗan iyaye ’yan Najeriya, shi ne togaciya: maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofin 2021, kusan duka daga kusa da kwando da layin bugun laifi.

15/ Ku duba kasuwar 2024. New York Knicks ta ba OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, dala miliyan 212.5 a shekara biyar. Ta kuma ba Brooklyn damar zaɓen zagayen farko har biyar don ta karɓi Mikal Bridges. A lokacin babu ɗayansu da ya taɓa shiga wasan taurari.

Wasa na bakwai, saura minti biyu, an yi kunnen doki, gurbi ɗaya ya rage maka. Korver na 2015 ko Iguodala na 2015? Ina jiran ku a ƙasa 👇