Koyarwar Ariyus da Amsar Nikiya

Yau za mu duba wata tsohuwar gardama wadda har yanzu ba ta kwanta ba.

Wajen shekara ta 318 akwai wani firist a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar, sunansa Ariyus. Mutum ne mai ilmi, mai daɗin baki. Ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, wai shi ne Uba ya fara halitta, akwai kuma lokacin da babu shi. Ya sa koyarwan nan cikin waƙoƙi, har ma'aikatan jirgin ruwa suna rera su. Ikkilisiya ta rabu biyu.

A shekara ta 325 Sarki Konstantin ya tara bishop-bishop wajen 300 a Nikiya, garin da a ke kira Iznik yanzu a ƙasar Turkiyya. Suka ƙi maganar Ariyus, suka tabbatar cewa Ɗan da Uba zatinsu ɗaya ne tun fil'azal. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, ya tsaya a kan wannan har aka kore shi daga garinsa sau 5. Hujjarsa ita ce, halitta ba ta iya ceton halitta. Ku duba, wanda ke cikin rijiya ba shi fid da ɗan'uwansa da ke ciki tare da shi. Sai igiya ta sauko daga bisa.

Sarki ya kori Ariyus, ya sa a ƙone littattafansa, amma koyarwar ba ta mutu ba. Ɗansa Konstantiyus ma ya goyi bayanta. Sai a taron Konstantinoful na 381 aka sāke tabbatar da maganar Nikiya.

A zamaninmu Shaidun Jehobah, waɗanda suka ɗauki sunan nan a Amurka a 1931, su ma suna cewa Yesu shi ne farkon halitta. Gwamnatin Kamaru ta hana su a 1970, ta ɗage hanin a 1993. Ashe doka ba ta sāke abin da ke zuciya.

Saboda haka, in mai wannan koyarwa ya yi maka sallama a nan Briketeri ko wani wuri cikin Yawunde, kada ka zage shi. Ba shi kujera da ruwa, ku buɗe Bisharar Yohanna sura ta 1, ku karanta tare. Sa'an nan ka tambaye shi, wane ne ya sauko domin ya cece mu?

Ubangiji shi kiyaye ku. Amin.