Yadda haɗa ƙarfe iri biyu ke cinye bututun tururi

A masana'antu da asibitocin da ke amfani da tururi, bututu kan ɓule a daidai mahaɗa, musamman inda baƙin ƙarfe ya haɗu da jan ƙarfe.

Idan ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna, ruwa kuma ya jiƙa su, sai su zama tamkar batir. Wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana a tsakaninsu, baƙin ƙarfen yana zaizayewa, jan ƙarfen kuwa yana nan garau.

Busasshen tururi ba ya yin wannan ɓarna sosai. Haɗarin ya fi yawa a bututun da ke mayar da ruwa tukunya bayan tururin ya huce, balle idan iska ta shiga ruwan.

Girman ƙarafan ma na da tasiri: ɗan ƙaramin baƙin ƙarfe a jikin faffaɗan jan ƙarfe shi ya fi saurin cinyewa.

Sojojin ruwan Birtaniya sun ga haka a 1763, lokacin da suka duba jirgin HMS Alarm, wanda aka lulluɓe ƙasansa da jan ƙarfe a 1761. Ƙusoshinsa na baƙin ƙarfe sun zaizaye, sai waɗanda takarda ta shiga tsakaninsu da jan ƙarfen.

Wannan dabara ta raba ƙarafan ake bi har yanzu a mahaɗar bututu, sai dai ba kowace roba ce ke jure zafin tururi ba.