Kokawar Sinawa: Tarihinta da Yadda Ɗan Koyo Ke Fara Ta

Da yawa daga cikinmu mun fara sanin faɗan Sinawa ne a gidajen silima a shekarun 1970 da 1980, inda muka sha kallon su Bruce Lee suna naushi da harbi da ƙafa. Wannan ya sa muka ɗauka cewa dambe shi ne kaɗai gadon mutanen Sin. To, ashe suna da kokawa tasu wadda ta daɗe ƙwarai, suna kiran ta Shuai Jiao, wato kayar da mutum ƙasa. Tarihinta da hanyar da ɗan koyo ke bi ya shiga cikinta su ne abin da za mu duba a nan.

Labarin kunne-ya-girmi-kaka na Sinawa ya danganta asalinta ga wani jarumi mai suna Chiyou, wanda aka ce mutanensa kan ɗaura ƙaho a ka su yi tunkuyi. Daga nan ne aka samu tsohon sunanta, Jiao Di, wato karon ƙaho. Abin da ke rubuce shi ne, a zamanin daular Zhou, wadda ta ƙare a shekarar 256 kafin Miladiyya, akan horar da mayaƙa kokawa tare da harbin kibiya da tuƙin keken doki idan sanyi ya kama. Daga baya sai ta zama abin kallo a fada da wuraren bukukuwa.

Amma kokawar da ake koyarwa yau ta samu siffarta ne a zamanin daular Qing, daga 1644 zuwa 1912. Sarki Kangxi ya hau karaga a 1661 yana ƙaramin yaro, mulki kuwa yana hannun masu riƙon ƙwarya, cikinsu har da wani ƙasurgumin mayaƙi mai suna Oboi, wanda ya fi ƙarfin kowa a fada. Sarkin ya tara samari suna ta kokawa a cikin gida, Oboi yana ganin wasan yara ne kawai. A shekarar 1669, ranar da ya shigo fada, waɗannan samari suka rufar masa suka kama shi, kuma a tsare ya mutu. An ce daga wannan ne aka kafa rundunar 'yan kokawar fada mai suna Shan Pu Ying, masu gadin sarki, waɗanda kuma kan kara da baƙi 'yan ƙabilar Mongol a lokutan liyafa.

Da sarauta ta faɗi a 1912, sai rundunar ta watse, albashi ya yanke. Wasu suka koma unguwar Tianqiao a birnin Beijing suna kokawa a fili 'yan kallo na jefa musu kuɗi, wasu suka buɗe fagen koyarwa. Ta haka ne ilmin da ke ɓoye a fada ya shiga hannun talakawa.

To, me ɗan koyo ke tararwa a irin wannan fage? Abu na farko shi ne koyon faɗuwa. Malami ba ya barin yaro ya kama kowa sai ya iya shan ƙasa ba tare da rauni ba: ya manne haɓa a ƙirji, ya dunƙule jiki, kada kuma ya tokare ƙasa da hannu, domin a nan ne ake samun karaya. Na biyu shi ne tsayuwa da taku, ana maimaita motsi ɗaya shi kaɗai babu abokin karawa, har ƙafa ta saba. Na uku shi ne ƙarfin damƙa. Don samun sa akan fizgi ɗamarar fata ko ta yadi da hannu biyu, akan juya gajeriyar sanda da doguwa, akan kuma ɗaga dutsen da aka sassaƙa da mariƙi mai kama da kwaɗo. Sai bayan wannan ne ake sa masa dalian, wata taguwa mai kauri mai gajeren hannu, wadda kowace gaɓa tata, wuya da hannu da ɗamara, wurin kamu ce. Daga nan ya fara koyon taɗiya da shara da ɗaukar mutum a kwankwaso.

Dalilin wannan tsari yana cikin dokar wasan. Duk wanda wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, to an ci shi, kuma ba a ci gaba da kokawa a kwance. Ke nan wanda tsayuwarsa ba ta ƙarfi, dabara ba za ta amfane shi ba. Sinawa na da karin magana cewa dambe na shekara uku bai kai kokawar shekara ɗaya ba, domin ɗan kokawa kullum jikinsa na haɗuwa da na mutum mai turjiya.

Wani abin da zai ba mu sha'awa shi ne rawar da Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, suka taka. A birnin Baoding, inda aka san su da kokawa mai sauri, an haifi Chang Dongsheng a 1908. Ya yi koyo a hannun Zhang Fengyan, shi ma Musulmi, ya kuma zama zakara a gasar ƙasa da aka yi a Nanjing a 1933. Daga baya ya koma Taiwan, ya daɗe yana horar da 'yan sanda, ya rasu a 1986. Almajiransa ne suka yaɗa wannan kokawa a Amurka.

Duk da haka ba ta tsira daga koma-baya ba. Bayan wasannin ƙasa na 1993 an cire ta daga jerin gasannin, saboda hankali ya koma kan wasannin Olamfik, ƙungiyoyi da dama kuma suka rushe. Tsofaffin malamai da 'yan koyonsu ne suka riƙe ta a ƙananan fagage.

Abin lura a gare mu, 'yan'uwa marubuta, shi ne mun iya kawo waɗannan sunaye da shekaru ne domin wasu sun zauna sun rubuta su. Mu ma muna da kokawa, har a Nijar ana gasar Takobi tun 1975. Amma sunayen kamu da kaye, da yadda ake horar da yaro a ƙauye bayan kaka, yawancinsu suna bakin dattawa ne. Muna kira ga duk wanda ke da tsohon ɗan kokawa a unguwarsu da ya ɗauki biro da takarda ya je ya zauna da shi tun yana raye.