Raunin Gaba Tsakanin Illar Sildenafil da Alƙawarin Homiyofati

Maganin da aka fi sani da Viagra ba don matsalar shimfiɗa aka fara binciken sa ba. Masanan kamfanin Pfizer a garin Sandwich na ƙasar Ingila suna neman maganin ciwon ƙirji ne mai nasaba da zuciya, sai mazan da ake gwajin a kansu suka riƙa ba da labarin wani sauyi da ba shi aka je nema ba. A watan Maris na 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sildenafil, wato Viagra, a matsayin maganin raunin gaba, tadalafil da vardenafil suka biyo baya a 2003. Wannan asali yana da muhimmanci ga muhawarar da ke gabanmu, domin magani ne na jijiyoyin jini, kuma daga nan amfaninsa da illarsa duka suka fito.

Idan sha'awa ta motsa, jiki yana sakin wani sinadari da ke sa jijiyoyin gaba su saki, jini ya kwararo ya cika su. Akwai kuma wani sinadarin, PDE5, wanda aikinsa shi ne kashe wannan saƙo. Aikin ƙwayar shi ne danne PDE5, don haka ba ta haifar da sha'awa inda babu ita. Sai dai jijiyoyin jini ba a wuri ɗaya suke ba. Waɗanda ke kai da fuska da hanci su ma suna saki, shi ya sa ciwon kai ya fi kowace illa yawa, inda ya kama kusan mutum 16 cikin 100 a gwaje-gwajen farko. Bayansa akwai zafin fuska, ƙwannafi da toshewar hanci. Wasu kan ga komai ya yi shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, saboda maganin yana taɓa wani ɗan uwan PDE5 da ke cikin ido. Tadalafil, wanda kan yi aiki har awa 36, ya fi jawo ciwon baya da na tsoka. Duk waɗannan kan wuce da kansu.

Illolin da ke da haɗari ba su da yawa, amma kowannensu yana da mutanensa. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, irin nitroglycerin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe ko isosorbide, bai kamata ya kusanci wannan ƙwaya ba, domin haɗuwarsu tana iya faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai. Likitoci sukan jira awa 24 bayan sildenafil, awa 48 bayan tadalafil, kafin su ba da naitiret. Wasu magungunan kumburin mafitsara da ritonavir na masu ɗauke da cutar ƙanjamau su ma suna buƙatar a rage adadi. A 2005 an ƙara gargaɗi a kan makantar ido ɗaya farat ɗaya, a 2007 kuma a kan kurumcewa kwatsam, ko da yake duka biyun ba su cika faruwa ba. Sai miƙewar gaba da ta wuce awa huɗu ba ta kwanta ba, wadda idan aka yi jinkiri tana kashe tsokar wurin har abada. Wannan ya fi shafar mu, domin masu sikila sun fi kowa fuskantar sa, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu wannan cuta.

Tsoron ƙwayar ke nan yana da tushe, kuma a kan wannan tsoro masu tallar homiyofati suka kafa rumfa. Hujjarsu ɗaya ce: maganinmu ba ya da illa. Ni ban musa ba. Abin tambaya shi ne me ya sa ba ya da ita.

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro tsarin homiyofati a 1796, a zamanin da likitocin Turai ke zubar wa majinyaci jini su ɗura masa zaiba. A irin wannan yanayi, wanda ya ba ka ruwa ya bar ka ya yi maka alheri, kuma wannan na daga abin da ya ɗaukaka sunansa. Ƙa'idarsa ita ce abin da ke haifar da alamar ciwo ga mai lafiya shi zai warkar da ita ga marar lafiya, muddin an tsinka shi sosai. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya daga ciki a sake maimaitawa. Kwalbar da aka rubuta wa 30C an yi mata haka sau 30. Lissafin kimiyyar sinadarai ya nuna cewa daga kusan karo na 12 da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta abin da aka fara da shi. Saboda haka idan aka miƙa wa magidanci maganin homiyofati irin Lycopodium ko Agnus castus mai lamba 30C, abin da ke hannunsa ƙwallayen sukari ne da aka jiƙa da ruwa. Kada a haɗa wannan da maganin gargajiya. Saiwar gagai ko tsimin da kakanninmu suka sani suna ɗauke da sinadarai na gaske, waɗanda za a iya aunawa, masu iya amfani kuma masu iya cutarwa.

Hukumomi sun duba lamarin. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta yi nazarin bincike 176 a kan cututtuka 61, ta ce babu cuta ɗaya da aka sami hujja abin dogaro cewa homiyofati na maganin ta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar daina rubuta shi a 2017, Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga farkon 2021. Indiya ce ta riƙe shi hannu bibbiyu a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH, kuma can ne ake sarrafa shi da yawa.

Masu kare shi za su ce ai akwai waɗanda suka sha suka ji daɗi, kuma ba ƙarya suke ba. A babban gwajin sildenafil da aka buga a 1998, kashi 69 cikin 100 na yunƙurin saduwa ya yi nasara ga masu shan maganin, amma waɗanda aka ba ƙwayar banza ma sun sami kashi 22. Raunin gaba ciwo ne da fargaba ke rura wutarsa. Mai homiyofati yakan zauna da mutum kusan awa guda yana tambayar sa barcinsa da damuwarsa da zamansa da iyali, abin da likitan asibitin gwamnati mai layin mutum tamanin a ƙofa ba zai iya ba. Sauraron nan yana da tasiri, kuma ya kamata likitoci su yi koyi. Amma ladan na sauraron ne, kwalbar ba ta da kaso.

Inda na fi tsayawa shi ne a kan lokacin da ake ɓatawa. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka idan kitse ya fara toshe hanyoyin jini, su ke fara nunawa, sau da yawa shekara biyu zuwa biyar kafin ciwon zuciya ya bayyana. Ciwon suga da hawan jini ma ta nan sukan fara sallama. Mutumin da ya shekara yana tsotsar ƙwallayen sukari, ko yana maganin basir da sanyi kamar yadda motocin lasifika ke shelantawa a tasha, bai ga ciwon kai ba, bai ga shuɗi ba, amma ba wanda ya auna masa suga ko jini. Na taɓa tsayawa a wani kemis da daddare, wani dattijo ya jira har kowa ya fita, ya sunkuya ya ce wa yaron shagon, "Ɗan nan, ba ni irin wancan, amma wanda ba na Turawa ba." Yaron ya zaro masa ƙaramar ledar zuma daga ƙarƙashin kanta, ba tambaya, ba amsa.

Wannan ledar ta fi duka biyun da muke muhawara a kai haɗari. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni bayan ta gano sildenafil da tadalafil a cikin zumar da suke sayarwa a matsayin ta halitta. A Singafo a 2008, mutum 150 marasa ciwon suga suka kwanta asibiti sukarin jikinsu ya faɗi, saboda an cusa maganin suga cikin magungunan ƙarfin maza na jabu, huɗu daga ciki suka mutu. An gudu gara an faɗa gidan zago: dattijon da ke tsoron ƙwaya mai miligram 50 da aka rubuta a jikin kwali yana iya shan adadin da ba wanda ya sani, wataƙila a kan maganin zuciyar da ya sha bayan sallar magariba.

Ga wanda ƙwayar ba ta dace da shi ba, zaɓi bai ƙare ba. Rage adadi zuwa miligram 25 ko sauya wani maganin kan kawar da yawancin ƙorafe-ƙorafe. Barin taba, rage ƙiba da motsa jiki suna gyara jijiyoyin da kansu. Wasu magungunan hawan jini da na damuwa su ne ke jawo raunin tun farko, kuma likita na iya canza su. Akwai na'urar zuƙo jini, akwai allurar alprostadil, akwai zama da mai ba da shawara tare da matar gida. Duk waɗannan suna farawa ne daga awon suga da awon jini, waɗanda ake yi a ƙaramin asibitin unguwa cikin minti goma.